Darasi na Tara: Abinci

Ƙarfe takwas na dare, ajin manya,
a firamaren da ke bayan Ƙofar Sauri.
Mun cusa gwiwoyi ƙarƙashin bencin yara,
ni da Sada mai walda, da Mannir direba,
da Baraka da ke shigowa
da ƙamshin man awara a mayafinta.

Malama Hindatu ta kara littafi kusa da fitila.
Ga farin faranti, ƙwai biyu sun zuba mana ido,
burodi yanka uku, wuƙa a dama,
cokali mai yatsu a hagu,
ba hannun kowa a hoton.

Ta ce Bature sau uku yake ci,
kowane ci da sunan yankansa.
Muka maimaita: birekfas, lanci, dina,
kamar masu kiran awakin maƙwabta
da ba su san muryarmu ba.

Sai ta ce a fassara fura.
Mannir ya ce: Malama, mu da ke cewa hura,
ko Bakano bai gama yarda da bakinmu ba,
balle Bature.
Ya dai gwada: ƙwallon gero cikin madarar da ta yi fushi.
Baraka ta yi dariya har biro ya faɗi.
Ɗumame fa? Ƙanzo fa? Kwaɗon zogale?
Ƙamus ya yi shiru.
Malama ta ce a bar su da sunansu,
ba kowa ke canza riga don zai gaida baƙo ba.

Daga nan ta rubuta wata kalma doguwa,
yushuwali,
wai abin da ka saba, abin da kullum ba ya saɓawa.
Bibbiyu, in ji ta, ku tambayi juna:
me ka saba ci da safe?

Ni tela ne, na san yadda ake ɓoye ƙaramin yadi.
Na ɗinka jimlata tsaf:
shayi da madara, burodi da bota, ƙwai.
Na kwashe farantin littafin kaf na kai gidana.
Malama ta ce ba kuskure ko ɗaya.
Aka tafa mini.
Cikina da ya san gaskiya ya yi ƙugi a cikin tafin.

Sada ya miƙe, yana murza ƙunar da ke babban yatsansa.
Turancinsa na tafiya kamar kura mai taya ɗaya.
Ya ce wata rana koko.
Wata rana, in an kawo wuta an yi aiki, koko da ƙosai.
Wata rana yara su sha, shi ya kurkure baki.
Ya ce: Malama, wannan yushuwali
ba ta zauna a unguwarmu ba.

Fitilar ta ɗan rage.
Malama ta daɗe tana juya alli.
Ba ta gyara masa harafin da ya yar a hanya ba.
Ta goge doguwar kalma da gefen hannunta,
ta rubuta wata: samtayims.
Wani lokaci.
Wannan ba sai da aka maimaita mana ba.

A ƙofa Baraka ta kwance leda,
awara bakwai da ba su sami mai saye ba, sun huce.
Mu huɗu, yaji a takarda,
ta bakwai aka yi ta turawa juna
har Mannir ya raba ta da farce.

A gida na tarar da tuwon dawa a rufe,
miyar busasshiyar kuɓewa ta yi fata.
Na wanke hannu, na zauna bakin keken ɗinki,
na ce wa kwanon da Turanci: wani lokaci.
Sauran jimlar ban iya ba tukuna.
Na rage loma biyar saboda safe.