Baƙin Ciki

A Bodø fatata ta juya mini baya,
ta ƙame kamar kifin da iska ta busar.
Yatsun da suka feɗe kifi shekara talatin
yau maɓalli ya gagare su.
Loma uku, ciki ya kumbura,
ni da banɗaki muke raba dare.

Likita Oddveig ta ce, aron ƙwayoyin hanji,
daga bayan gidan wani mai lafiya.
Na yi dariya iyakar buɗewar bakina,
wanda cokali ma da ƙyar.

Torleif ya tambayi sunan mutumin.
Ba a faɗa.

Talata aka zura bututu.
Gwaji ne, ta ce, ban da alkawari.

Na dawo gida da baƙi a ciki.
Na dafa musu dankali,
ina ci a hankali, ina saurare
ko za su kwance kaya.