Tsawon Numfashi a Sawakin

Raguna dubu biyu da ɗari huɗu,
ni ke riƙe da takardar lissafi.
Sawakin da hantsi, gishiri a leɓe,
Bahar Maliya kwance kamar an yi mata guga.

Jirgi ya wage baki, tumaki na hawa.
Wai a Turance sunansu kusan ɗaya ne,
mai ɗauka da abin da ake ɗauka.
Ustaz Mahjub ya rubuta mini su a bayan kwalin shayi,
ya ce, “Na ruwa, datse shi, shif,
kamar ka taka ƙaya ka janye ƙafa.
Na layya kuwa sake masa igiya, shiiif,
bar shi ya yi kiwo a bakinka.”

Na yi dariya. Ai da wannan muka tashi.
A Mai Wurno kakata Dudu
ba ta taɓa rikita garin da aka haife ta
da garin da take tankaɗewa a rariya ba.
Duka na kowa da kowa, duka na sanda,
a takarda tagwaye ne,
a kunne ko unguwa ba su haɗa ba.

Sai dai harshe hanyar gidansu kawai ya sani.
Kai shi baƙunta, ya yi tuntuɓe a fili.

Ran Talata na'ura ta yi ƙara a ƙuguna,
kyaftin, mutumin Manila, yana tambaya daga sama.
Nufina in ce ya cika,
ba masakar tsinke, balle ɗan akuya.
Na ja wasalin da ba a ja.
Ashe wawa na kira shi
a gaban yaransa goma sha biyu.

Shiru.
Sai kukan raguna.
Can dariya ta gangaro ta tsani,
ta riga mai ita isowa ƙasa.

Da azahar muka sa hannu a kwano ɗaya,
ful da man riɗi, albasa a gefe.
Ya nuna waken da gutsuren burodi:
wannan fa, gajere ne ko dogo?
Na ce, wannan ja shi son ranka,
ba wanda zai yi fushi sai mai biyan kuɗi.

Jirgi ya busa ƙaho, ya nufi Jidda.
Da dare Ustaz ya ƙara mini biyu:
zama da tafiya ma haka suke a harshen nan,
rabin numfashi ne tsakaninsu,
gajeren na zama, dogon na barin gida.

Ban yi barci da wuri ba.
Kakannina da dogon suka fito,
Makka za su, a ƙafa, da jakuna uku.
A bakin Nilu numfashi ya gaza,
suka datse wasalin,
suka shuka dawa.