Fatar Saiwa

A shekarar da teku ta hauro kogin Ham Luong
ruwan gonarmu ya koma zartsi.
Babana Luom ya kamfata da tafin hannu,
ya ɗanɗana, ya tofar, bai ce uffan ba.
Shinkafar maƙwabta ta yi ja kamar an babbaka,
tamu ma ta bi sahu,
sai wani ɗan lungu ta gabas
da ya ƙi mutuwa.

Ya tumɓuko tushe ɗaya, ya naɗe a ganyen ayaba.
"Diem, ke da kika yi karatu,
je ki tambayo min ita abin da ta sani."

A ɗakin bincike na Can Tho
na wanke mata laka, na ɓare sabuwar reza.
Yanka goma sha ɗaya duk suka yi kauri,
na sha biyu ya fito kamar fatar albasa.
Na ɗiga masa launi, na kafa ido a madubi.

Ashe gari ne guda.
Can tsakiya magudanan ruwa, ga rumbuna kewaye,
a baki-baki kuwa sahu ɗaya tal
na 'yan ɗakuna, kafaɗa da kafaɗa,
ko tsinke ba ya ratsawa.
Su ke gogayya da tsakuwa,
su ke shan cizon tsutsa,
wasunsu na miƙa gashi cikin duhu suna lalube.
A bayansu wani sahun ya yaɓe bangonsa da kaki.
Ruwa ya yi sallama, a ce bismilla.
Gishiri ya yi sallama,
a ce masu gidan sun yi tafiya.

Ba duka suka kai labari ba.
Na ga gurbin waɗanda suka faɗi a bakin aiki,
giɓi nan, giɓi can.
Zangarniya ake yabo, tsaba ake aunawa.
Wa ya taɓa tona ƙasa don ya yi godiya?

Da dare na iske shi a bakin ƙofa,
ƙafafu cikin kwanon ruwan ɗumi.
Fitila ta haska diddigensa:
kaushi, faso, kantar shekara arba'in a taɓo.
Na dubi tawa ƙafar, lumus cikin takalmi,
irin wanda ya fara saya min da buhu biyu.

Ya ce, "To, me ta ce?"
Na ce, "Ta ce a ajiye irinta."
Na durƙusa na ƙara masa ruwan zafi.
Sauran ban faɗa masa ba.