Kalmomin Ƙofar Gida

A Bukoki na koyi Hausa sau biyu:
ta fari a bakin Inna,
ta biyu a bakin titi, bayan lisha,
sa'ad da Baba ke dawowa daga maki.

Da rana Mushe Tankari ne,
alli a aljihu, jan biro a kunne,
yana gyara wa 'yan lakwal kurakurai.
Da dare unguwa ke gyara masa suna.

Mai shayi ya ce, "Ya kora."
Na zaci awakin Barira ya kora daga kan dawonmu.
Samarin fada suka ce, "Yau ya ɗau caji,"
na zaga bayansa ina neman waya.
Tela Noma'u, allura a baki,
ya ce, "Raƙumin dawa ya hau, ba linzami,"
yana nufin dabbar da ke jikin kwalba.
Kwana uku ina yi wa yara fankama:
uban wa ya taɓa hawan raƙumin dawa?

Sannu a hankali na gane kowace kalma da mudunta.
In an ce ya yi ɗumi,
mu ruga, ranar rabon dala-dala ce.
In ya bugu, kwata zai tsaya yi wa Faransanci,
har ya tambaye ta ko ta fahimta.
In ya yi tatil, bango ne amininsa.
Mankas kuwa,
mankas ba ta da dariya,
sai an aro baron mai gawayi,
takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannuna.

Inna ba ta taɓa aron kalmar kowa ba.
Tata guda ce, kamar zanen sallarta.
Ta ja labule, ta ajiye bokiti kusa da katifa,
ta ce, "Ku yi shiru. Babanku ya gaji."
Shekara goma sha ɗaya yana gajiya.

Ranar da aka kai shi Yantala
na zauna bayan tabarmar maza ina kasa kunne.
Mai shayi ya ce mutumin kirki ne.
Noma'u ya ce ciwon ciki ne, ba ya jin magani.
Samarin fada, da sun yi gemu,
suka ce shi ya koya musu rubuta sunansu.
Duk waɗancan kalmomi
sun cire takalmi sun tsaya a waje.

Ni ce na kwashe su.
Suna cikin tsohon kayensa mai layi-layi,
na rubuta su da jan bironsa, ashirin da bakwai,
ban san wa zan ba ya duba ba.

Da dare Inna ta naɗe katifar,
ta tsaya riƙe da bokitin, ba ta san inda za ta kai shi ba.
Ta ce, "Ya gaji."
Ban sa wannan a kaye ba.