Kududdufin Kuza

Ƙarfe huɗu, Jos na rawar ɗari,
na goya jaka mai bulo biyu
daga Gangare har gindin dutsen Shere.
Davou na gaba yana ƙirga mini taku:
"Tasi'u, ƙafa ba ta ƙarya."

Kanta ta fito a tafin hannuna.
Tsallen kwaɗo ɗari, ban ce wash ba.
Farcen babban yatsana ya fita,
na naɗe da tsumma, na mayar cikin takalmi.

Ashe duk wannan wasa ne.
Takardar rundunar ta ce:
sai wanda ya iya ruwa da kaki a jikinsa.

Ni kuwa shekara tara
ban kalli kududdufin kuza ba,
tun ranar da ya haɗiye Yaya Sabitu
ya bar mana silifa ɗaya a gaɓa.

Yau ga ni a bakinsa.
Kore, shiru, kamar bai taɓa cin kowa ba.
Gwiwar da ta hau dutse ta yi sanyi.
Davou bai ce uffan ba,
igiya kawai ya riƙe.

Inna na zaton ina filin ƙwallo.

Na yi bismilla.
Ruwa ya kai ƙirji, ya kai haɓa.
Na buɗe ido a cikinsa.