Minti Ashirin na Farko

Ƙarfe bakwai a Valparaíso.
Jiragen ruwa na kuka can ƙasan tudu,
na ɗora ruwan shayi, na buɗe kwamfutar Froilán,
wadda ya bar mini haɗe da tabaransa da bashin mai kanti.
Ta farka, ta yi 'yar ƙararta,
ta toge kamar jakin da ya hango kogi.

Da'ira na juyi a tsakiyar allo,
tafiya ba barin gida.
Sandunan sigina huɗu, a tsaye, a cike,
shafi ɗaya tak ya gagare su.
Lissafin masunta na jiran in aika,
ni kuma ina jiran da'ira.

Ba abin da ban yi ba.
Na zare fulogin rauta, na ƙirga talatin,
na ƙara goma don kada a ce na yi gaggawa.
Na sauke ta daga kan firji, na ɗora ta bisa kabad.
Na rungumi kwamfuta na hau matakala
kamar mai kai jariri shan iska.
Na goge sunan waifai, na sake rubuta kalmar sirri,
sunan kyanwarmu da shekarar aurenmu.

Maƙwabcina Hermógenes ya ce laifin tudu ne.
Matarsa ta ce gishirin teku ke cin waya.
Yaron kamfani ya ce, cikin ladabi,
daga wajensu komai lafiya lau.
To, daga wajena fa?

Abin mamaki, in an yi minti ashirin
sai hanya ta buɗe da kanta,
ba sallama, ba ban haƙuri.
Haka kullum, wata bakwai.

Ran Asabar jikata Millaray ta zo cin abinci.
Ko cokali ba ta ajiye ba ta jawo kwamfutar:
“Kaka, ciwon da ke zuwa kan lokaci
yana da mai aiko shi.
Mu ga su wa ke tashi tare da ita.”

Ta buɗe wani jeri da ban taɓa sanin da shi ba.
Wannan na neman sabuntawa, ta kashe.
Wannan mai gadi ne, ta bar shi.
Sai ta yi shiru.
Cokalin ya sauka a hankali.

Hotuna ne.
Dubu goma sha ɗaya da ɗari huɗu da biyu,
jiragen da ya ɗauka ta wannan tagar,
ja, shuɗi, mai tsatsa, mai tutar da ba mu sani ba.
Kowace safiya kwamfutar na ɗora su a ka
za ta kai ma'ajiyar da ya buɗe a intanet,
ta cushe hanya da kayansa,
har ta iso wani hoto da ya lalace,
ta yi tuntuɓe, ta haƙura.
Gobe ta sake daga fari.

Muka buɗe lalataccen.
Babu jirgi.
Bayana ne, ina wanke kofuna,
daga kafaɗa zuwa ƙasa toka-toka.

“In kashe aikin?” in ji ta. “Dannawa ɗaya ce.”
Na ce cire wannan, ajiye mini shi gefe,
sauran bar su su wuce.
Wanda ya ɗauko kaya tun wata bakwai
ai a bari ya sauke.

Ta kwana a kunne bisa tebur,
ƙaramar fitilarta na ƙiftawa har asuba.

Ran Litinin shafi ya buɗe
tun ruwa bai tafasa ba.
Na aika lissafin masunta.
Na zauna da kofi a hannu da minti ashirin
da ban san inda zan kai su ba.
Wani jan jirgi na shigowa tasha.
Na kalle shi har ya tsaya.