Kurma Mai Sha

A Suame, idan guduma ta ƙarshe ta yi shiru,
nakan zauna kan tsohuwar taya
in buɗe gwangwanin madara.
Kwalayen fulogi ne ciki, na yayyanka,
ɗari biyu da sittin da uku,
kowanne da kanji guda a fuska,
a bayansa kuma ƙaryar da na shirga masa.

Ƙarya, eh. Haka dabarar take:
ka ba kowane zane labari.
Mutum ya jingina da bishiya, hutu ke nan,
sai na ce Baba Seidu ne ƙarƙashin mangwaron Aboabo,
hula kan ido, rediyo na surutu shi kaɗai.
Na mota kuwa a ɓagas na same shi:
suna ce masa kuruma, wani lokacin sha.
Wace mota ce ba kurma ba?
Ka yi ta lallashi, ba ta ji, sai dai ta sha.
Ranar na yi dariya har maigadi ya leƙo.

Yau wata huɗu,
kaina ya koma Kejetia ranar jajibere,
kowa da kayansa, ba mai matsa wa wani.
Baba Seidu ya bar mangwaronsa
ya shiga labarin da ba nasa ba.
Mutum ya ware hannuwa: babba.
Ɗigo ya sauka a kafaɗarsa: kare.
Ɗigon ya zame tsakanin ƙafafu: mai ƙiba.
Ni da na zaci na gama rigimar ɗigo
tun ranar da na raba ba da ta a gaban malam.

Ga abin da ke hana ni barci:
na san labarin, ban san sunan ba.
Kamar wanda muka shekara muna haɗuwa a layin koko,
na san tabon goshinsa, na san silifas ɗinsa,
a ce kira shi, baki ya mutu.

Ƙanwata Suweba ta ce,
“Rubuta shi sau hamsin, hannu ba ya mantuwa.”
Mumuni mai fenti ya ce,
“Ɗora masa waya ta fassara, me ya yi zafi?”
Na bi ta Suweba kwana tara,
hannu ya riƙe, kai ya tsiyayar.
Ta Mumuni ban gwada ba.
Girman kai ne, na sani.

Shekaranjiya aka kawo wata ƙaramar mota daga Tema,
warin teku bai bar kujerunta ba.
Na haɗa batir, allonta ya farka,
ya jero min layi guda, jawur,
haruffa goma sha ɗaya.
Ga kurma mai sha, na gane shi.
Ga ruwa a gefen gona mai tsiro: mai.
Ga wani da zan rantse na ba shi labari
a daren da aka ɗauke wuta,
na akuya ne ko na surukin wani,
yana kallona, ina kallonsa.

Mai motar ya ce, “Masta, me ta ce?”
Na ce, “Maganar mai take yi.”
Na zaro sanda, ashe man ya yi ƙasa.
Ya tafi yana baza wa gari na iya Japananci.
Biyu cikin goma sha ɗaya!
Ko makaho ya jefa tsakuwa a kasuwa, ai zai sami wani.

Daren nan ruwa na dukan kwano.
Na zube kwalayen kan tabarma,
ban sani ba ko gini nake, ko tara bulo kawai.
Na ɗauke kare daga kusa da babba,
na ajiye shi can wajen ƙofa.
Ga sabon kwali, na ɗari biyu da sittin da huɗu,
bayansa fari fat, biro a hannuna.
Har yanzu ban yanke ba:
in yi masa tasa ƙaryar,
ko in fara tambayarsa sunansa.